Jihar Bahar Maliya ta Sudan: ga teku, ga faɗi, to ina mutanen?

MalaminTaswira, Jos

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare nan Jos, kuma zangon nan mun iso darasin yadda jama'a ke bazuwa a Afirka. Littafin da muke bi ya ce bakin teku shi ke jan mutane, ya kawo misalin Legas da Abidjan da Iskandariyya. Ina so in ba ɗalibai misalin da ya saɓa wa wannan, sai na zaɓi Jihar Bahar Maliya da ke gabashin Sudan, wadda Fot Sudan ce hedikwatarta.

Abin da na tarar shi ne faɗinta murabba'in kilomita 218,887, jama'arta kuwa 1,396,110 a ƙidayar 2008. In haka ne, ta ninka Filato sau 7 a faɗi, amma mutanenta ba su kai rabin na Filato na ƙidayar 2006 ba. Ga ta kuma da babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar baki ɗaya.

Ina neman taimako a kan abu uku. Me ya hana mutane cika wurin? Waɗannan alƙaluma, a dogara da su? Sannan yaya ake mulkin fili mai wannan girma da mutane 'yan kaɗan haka? Masana, a taimaka da bayani dalla-dalla, don ɗaliban aji biyar ba sa barin malami ya wuce da amsa ta sama-sama.

InjiniyanRuwa, Abuja

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ka zaɓi misali mai kyau. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne, garuruwan da ya lissafa duka suna da ruwan daɗi a kusa: Legas da Abidjan ruwan sama ya wadace su, Iskandariyya tana gefen bakin Nilu. Bahar Maliya kuwa babu kogi ko ɗaya mai gudana shekara duka da ke zuba a cikinsa, ko daga ɓangaren Afirka ko daga ɓangaren Larabawa. Daga nan amsar tambayarka ta farko ta taso.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa ɗalibai su yanka jihar a takarda daga gabas zuwa yamma, su ga abin da za su ratsa.

Da farko, cikin ruwa, akwai katangar duwatsun murjani da ta bi gaɓar kusan duk tsawonta, kimanin kilomita 750. Jirgi ba ya iya matsowa sai inda katangar ta tsage, yawanci a bakin wani tsohon kwari. Shi ya sa wuraren da za a iya yin tasha ƙididdigaggu ne. Ruwan kuma ya fi na sauran tekuna gishiri, wajen kashi 40 cikin 1,000, alhali matsakaicin teku kashi 35 ne. Da yake ba kogin da ke kawo masa laka da taki, kifinsa iri-iri ne masu kyaun gani amma ba ya da ɗimbin yawa irin na gaɓar Senegal ko Muritaniya, don haka su bai tara jama'a ba.

Bayan ka hau tudu, sai fili shimfiɗaɗɗe, siriri, faɗinsa tsakanin kilomita 20 da 'yan kai a arewa zuwa 50 da 'yan kai a wajen Tokar a kudu. Tsakuwa ce da yashi da ƙasa mai gishiri. Ruwan saman Fot Sudan bai kai milimita 100 a shekara ba. Ruwan Agusta kaɗai a Jos ya ninka wannan fiye da sau biyu. Abin da zai ba ɗalibai mamaki: ɗan ruwan da gaɓar ke samu lokacin sanyi yake zuwa, daga Oktoba zuwa Janairu, sa'ad da mu nan muke cikin hunturu. Iskar arewa maso gabas ce ke tsallaka tekun ta ɗebi laima, ta bugi duwatsu, ta zubar. A Yuli da Agusta kuwa zafi yana kai digiri 40 ko ya haura, ga gumi saboda laimar teku.

Sai duwatsun Bahar Maliya, waɗanda suka miƙe a layi ɗaya da gaɓar. Dutsen Oda ya kai mita 2,259, ya ɗara dutsen Shere na nan Jos mai mita 1,829. Waɗannan duwatsu su ne maraba: kwarurukan gabas suna gangarawa teku, na yamma suna nufar Nilu, akasarinsu yashi ke shanye su tun ba su isa ba. A kan tudun ne Sinkat da Arkawit suke, inda ake gudun zafin bazara. Arkawit tana samun hazo daga teku, shi ya sa take da tsirrai da ba ka ganin irinsu a kewayenta. Bayan duwatsun kuma Hamadar Nubiya ce, inda za a yi shekaru ba a ga ɗigon ruwa ba. Kaso mafi girma na waccan murabba'in kilomita 218,887 nan yake.

To da me ake rayuwa? Da ruwan kwari. In an yi ruwa a kan duwatsu, ambaliya takan sauko da ƙarfi na 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, ta wuce. Wani ɓangare yana nutsewa cikin yashin kwarin ya zauna, sai a haƙa rijiya a same shi. In ka ɗora taswirar ƙauyuka a kan taswirar kwaruruka za ka ga sun hau juna daidai.

Fot Sudan kanta a kan kwari ɗaya ta dogara, Arba'at, wajen kilomita 40 arewa maso yamma da birnin. Akwai rijiyoyi a cikin kwarin, da madatsa da aka kammala a 2003 mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 25, da bututai zuwa gari. Matsalolin wannan tsari sanannu ne ga duk mai aikin ruwa. Ambaliyar hamada tana zuwa da laka da tsakuwa da yawa, saboda babu ciyawar da za ta riƙe ƙasa, sai madatsar ta riƙa cikewa daga ƙasa kowace shekara, ma'ajiyar ta ragu, ruwan da ya kamata ta riƙe ya nemi hanyar wucewa. In ba a yashe ba kuma ba a faɗaɗa mazubar rara ba, ambaliya babba guda ta isa. Haka ta faru a ƙarshen Agustan 2024: madatsar ta ɓalle, ta share ƙauyuka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gidajen mutum kusan 50,000 abin ya shafa, birnin kuma ya rasa babbar hanyar ruwansa. Matsala ta biyu ta rijiyoyin kusa da gaɓa ce. Ruwan daɗi yana kwance ne a kan ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. In aka zuƙa fiye da abin da ambaliya ta mayar, gishirin sai ya hauro, kuma rijiyar da ta yi zartsi da wuya ta dawo. Ta uku, injinan tace ruwan teku. Suna aiki, amma suna cin wuta sosai, matatansu suna toshewa in ba a sauyawa a kan lokaci, kuma wutar birnin daga nesa take zuwa ta layin Atbara. Shi ya sa tanka da kurar jaki ba su taɓa rasa kasuwa a Fot Sudan ba. An daɗe ana alƙawarin janyo ruwan Nilu daga wajen Atbara, tazarar fiye da kilomita 400, gwamnatoci da dama sun yi ta maimaita shi.

MalamaƘididdiga, Abuja

Malam, alƙaluman da ka kawo su ne na hukuma, ka yi amfani da su, amma ka sa shekara a gefen kowanne, kuma ka gaya wa yara inda suke da rauni.

Ga lissafin da za ka ba su su yi da kansu. 1,396,110 raba 218,887, ya ba da mutum 6 da ɗoriya a kowane murabba'in kilomita. Filato, mutum miliyan 3.2 a murabba'in kilomita 30,913, ya ba da 100 da 'yan kai. Kano, miliyan 9.4 a 20,131, ya haura 460. Sannan ka sa su sake lissafin bayan sun cire Fot Sudan, wadda a 2008 take da kusan 400,000. Saura miliyan ɗaya a kusan duk faɗin, wato ƙasa da mutum 5. Ko wannan ɗin ma yaudara ce, don miliyan ɗayan suna jere ne a Tokar da Sawakin da Sinkat da Haya da Durdeb, wato bin layin dogo da titi da kwaruruka. Matsakaici ba ya nuna inda mutane suke. In ka raba jama'ar Nijar da faɗin Nijar za ka samu adadin da bai dace da Maraɗi ba, bai kuma dace da Bilma ba.

Inda raunin yake:

Ƙidayar 1993 ta ba jihar ƙasa da 700,000. Ta 2008 ta ba ta kusan miliyan 1.4. Ninkuwa cikin shekara 15 na nufin ƙaruwar kusan 5 cikin 100 kowace shekara, abin da haihuwa kaɗai ba ta iya kawowa, balle a yankin da ke cikin mafi fama da tamowa da mutuwar yara a Sudan. Dole ɗaya daga cikin uku, ko duka ukun: an ƙirga ƙasa da gaskiya a 1993, an yi ƙari a 2008, ko baƙi sun shigo da yawa. A tuna ƙidayar 2008 a kanta aka raba mazaɓun zaɓen 2010, kuma mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana bayanin abin da hakan ke yi wa alƙaluma ba.

Makiyaya. Mai ƙidaya yana zuwa ne a 'yan kwanakin da aka ware. Makiyayin raƙuma da awaki yana gaɓa lokacin sanyi, yana kan tudu ko bayan duwatsu lokacin zafi, wani lokaci ya tsallaka Kasala ko Iritiriya ko Masar. Ko a rasa shi gaba ɗaya, ko a karɓi adadi daga bakin shugaban dangi ba tare da an ga mutanen ba. Ƙidayar 2008 ta kuma nuna maza sun fi mata da tazara mai yawa a jihar. Ma'aikatan tasha da suka bar iyalansu a gida suna cikin dalili, sauran kuwa alama ce ta cewa ba a ƙirga mata daidai ba a ƙauyukan da baƙo namiji ba ya tambayar matan gida.

Sai babba: tun 2008 ba a sake ƙidaya a Sudan ba. Duk adadin da ka gani na bayan nan hasashe ne. Kuma daga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Hartum, ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da ɗimbin masu gudun hijira suka koma Fot Sudan. Hasashen da aka gina kan ƙaruwar haihuwa bai san da wannan ba.

Kan faɗin ma za ka ga wasu littattafai sun rubuta 212,800. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, bambancin ba ya canza darasin. Kada kuma ɗalibai su haɗa ta da lardin Bahar Maliya na Masar mai hedikwata a Gardaƙa, ko yankunan Iritiriya biyu masu irin sunan. In suka bincika a intanet su ukun za su fito musu tare.

Asalin mazauna Beja ne, kuma ba dunƙule ɗaya ba ne: Hadandawa a wajen Sinkat da Haya da Durdeb, Amarar a bayan Fot Sudan, Bishariyin a arewa har Masar, Bani Amir da Habab a kudu wajen Tokar da Agig, waɗanda yawancinsu Tigre suke ji. Harshen Beja ɗan gidan harsunan Kushi ne, wato can sama dangi ɗaya suke da Hausa. Larabawan Rashaida kuma daga Hijaz suka tsallako a ƙarni na 19. Farin 1984 zuwa 1985 ya kashe dabbobin Beja da yawa, kuma shi ya tura dubbansu unguwannin gefen Fot Sudan, ba su koma kiwo ba. Yawan birnin da ƙarancin karkara labari ɗaya ne.

MalaminTaswira, Jos

Na gode Injiniya, na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Wani abu ya sake ɗaure mini kai. Taswirar bango da ke ajinmu ta ja iyakar Sudan da Masar a miƙe har teku, amma ta cikin littafin ta karkace zuwa arewa kafin ta isa gaɓa. Wacce ce daidai? Kuma har yanzu ina jiran wanda zai taɓo maganar mulki.

TsohonAkawu, Jos

Malam, duka biyun daidai ne, ya danganta da wanda ya buga taswirar. A 1899 Ingila da Masar suka sa layin digiri 22 ya zama iyaka, shi ne miƙaƙƙen. A 1902 aka ja wani layi na gudanarwa da ya bi wuraren kiwon ƙabilu, ya miƙa wa Hartum kula da wani yanki arewa da layin a bakin teku, saboda Bishariyin da ke cikinsa. Wannan shi ne Halayib, murabba'in kilomita 20,000 da ɗoriya, kusan girman Jihar Kano. Masar ta riƙe layin 1899, Sudan ta riƙe na 1902. Rigimar ta fito fili a 1958, Sudan ta kai ƙara Kwamitin Sulhu. Bayan yunƙurin kashe shugaban Masar Husni Mubarak a Adis Ababa a 1995 Masar ta ƙarfafa riƙonta, kuma ita ke mulkin wurin a yau. A takardar Sudan, Halayib ƙaramar hukuma ce a Jihar Bahar Maliya, amma abin da ke hannunta ɓangaren kudu da layin ne. Ka nuna wa yara Bir Tawil ma, can cikin hamada, murabba'in kilomita 2,060, wanda ba mai so, don duk wanda ya ce nasa ne ya amince da layin da zai raba shi da Halayib.

Yanzu mulki. A ƙarshen zamanin Turawa yankin yana haɗe da Kasala, a farkon shekarun 1970 aka ware shi lardi, a 1994 ya zama jiha lokacin da aka raba Sudan jihohi 26. Yau jihohin 18 ne. Gwamna shi ne wali. Ƙarƙashinsa ƙananan hukumomi 10: Fot Sudan, Sawakin, Sinkat, Haya, Durdeb, Tokar, Agig, Gunub da Aulib (hukuma ɗaya ce), Jabet ta ma'adinai, da Halayib. Ka raba faɗin jihar gida 10, kowace ta tashi da kusan murabba'in kilomita 22,000, wato matsakaiciyar ƙaramar hukuma a can ta fi Jihar Kano girma. Filato tana da 17, kowace kimanin 1,800. Shugaban ƙaramar hukumar Wase ko Shendam zai iya kewaya yankinsa ya kwana a gida. Takwaransa na Haya ko Jabet ba zai iya ba.

Wali kuwa, a 2010 zaɓensa aka yi. Muhammad Tahir Aila, Bahadande, ya riƙe jihar daga 2005 zuwa 2015, ya gyara titunan Fot Sudan da bakin ruwanta, masu sukarsa suka ce karkara da ruwan sha ba su gani ba. A farkon 2015 aka gyara tsarin mulki shugaban ƙasa ya koma naɗa gwamnoni, kuma tun daga nan naɗi ake yi, soja ko farar hula.

Amma wannan rabin labarin ne. Gwamnati tana mulkin garuruwa da titi. Abin da ke bayan titi yana hannun sarautar gargajiya: nazir a sama, umda a ƙarƙashinsa, sannan shehunan dangi, kusan yadda muke da sarki da hakimi da dagaci, sai dai su dangi suke mulka ba gari ba, duk inda dangin ya yi ƙaura shugabansa na nan. Beja suna da dokar al'ada, silif, wadda ta tsara ƙasa da rijiya da diyya. Ƙasa ta zuriya ce, ba a sayarwa. Baƙo yana iya kiwo ko noma da izini, ya ba da ɗan abin shaida cewa ƙasar ba tasa ba ce, amma ba ya haƙa rijiya ko sare itace sai mai ƙasa ya yarda, don rijiya hujja ce ta mallaka. In an yi kisa, sai a ɗaura galad, alƙawarin tsagaita hannu, har dattawa su zauna. Shugaba Numairi ya soke sarautun nan a farkon shekarun 1970, daga baya aka maido su saboda ba abin da ya maye gurbinsu.

Nan ne ayyuka ke lalacewa. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, kuma kusan duk ƙasar Beja ba ta da rajista. Sai hukuma ko ƙungiyar agaji ta zo ta haƙa burtsatse inda na'ura ta nuna ruwa, ba ta tambayi zuriyar da ke da kwarin ba. Ko dai a hana wasu sha, ko rikici ya tashi, ko famfo ya lalace a rasa mai gyara don ba wanda ya ɗauke shi nasa. Haka makaranta: in ka gina ta a wuri ɗaya, yara suna nan wata huɗu, sun tafi wata takwas. Maganin da aka gwada shi ne makarantar kwana da malami mai bin ayari, kuma kowannensu ya fi makarantar gari tsada a kan kowane yaro. Rabon kuɗi da ke bin yawan kai kaɗai yana cutar irin wannan jiha, don kuɗin kai allura ko alli ga mutum 500 da ke nesa da kilomita 200 ba ɗaya ba ne da na 500 a unguwa guda.

Ga kuma tsohon ƙorafi. Tashoshin ruwa, kwastan, tashar ɗanyen mai, da manyan ma'adinai irin zinariyar Hasai duk na gwamnatin tarayya ne. Kaya suna ratsa jihar, kuɗi suna wucewa Hartum. A kan haka aka kafa ƙungiyar siyasa ta Majalisar Beja a Fot Sudan a 1958. Ta ɗauki makami a shekarun 1990, jami'an tsaro suka harbe masu zanga-zanga a birnin a Janairun 2005, aka yi sulhu a Asmara a Oktoban 2006 tare da alƙawarin dala miliyan 600 don raya jihohin gabas uku, Bahar Maliya da Kasala da Gadarif. A Satumban 2021 majalisar sarakunan Beja ƙarƙashin Nazir Tirik na Hadandawa ta rufe tasha da titi na makonni saboda adawa da kason gabas a yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba, har burodi ya yi wuya a Hartum. Mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, amma maƙogwaron ƙasar a hannunsu yake.

ƊanKwantena, Abuja

Baba Akawu ya gama magana. Ni dai ina da ja kaɗan da Injiniya. Ruwa ya bayyana karkara, amma bai bayyana Fot Sudan ba. In ruwa ne kaɗai ke yanke hukunci, da Tokar ce babban birni. Fot Sudan gwamnati ce ta dasa ta saboda zurfin ruwan mashigarta, sannan aka nemo mata ruwan sha daga baya, har yau kuma nema ake.

Tsohuwar tasha Sawakin ce, kimanin kilomita 60 kudu, tsibiri mai gidajen dutsen murjani. Mashigarta doguwa ce matsattsiya, murjani a kowane gefe, manyan jiragen tururi ba sa iya juyawa. Sai Turawa suka fara gina sabuwa a 1905, layin dogo daga Atbara ya iso a 1906, aka buɗe tashar a 1909. 'Yan kasuwa suka ƙaura, Sawakin ta rushe a hankali. An farfaɗo da ita a 1991 da tashar Usman Digna, sunan jagoran mayaƙan Mahadi na gabas, kuma ita ce ta fasinja da dabbobi zuwa Jidda. Jirgi yakan kwana ɗaya a ruwa. A Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a bakin tashar da tumaki fiye da 15,000 saboda an yi masa lodi fiye da ƙima.

Aikin ya rabu haka: tashar kudu ta kwantena, ta arewa ta kayan gama-gari, akwai ta hatsi da kayan zube, akwai ta tataccen mai, sai Basha'ir kudu da birnin inda bututun ɗanyen mai mai tsawon kusan kilomita 1,600 ya ƙare tun 1999. Man Sudan ta Kudu ma ta nan yake fita. Kusan duk kayan Sudan na teku ta wannan ɗan tsakanin suke bi, kuma daga gaɓa dole titi da dogo su hau duwatsu ta wajen Sinkat zuwa Haya, inda hanya ta rabu, ɗaya Atbara ɗaya Kasala. Toshe wuri ɗaya ya isa.

Malam, kada ka manta ka gaya wa ɗalibai cewa akwai Hausawa a can. Sawakin ita ce ƙarshen tafiyar ƙasa ta alhazan da, masu bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna tsayawa suna aiki su tara kuɗin jirgi. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu 'yan Sudan ne a Fot Sudan da Tokar da Kasala. A Mayun 2023 kuma ta filin jirgin Fot Sudan aka kwaso wani ɓangare na ɗalibanmu zuwa Abuja.

InjiniyanRuwa, Abuja

Na karɓi gyaran, Alhaji, amma Tokar tana da dalilinta. Kogin Baraka daga tsaunukan Iritiriya yake taso, yana kawo ambaliya tsakanin Yuli da Satumba, ya baje laka a fili kafin ya kai teku. Ba a ban ruwa da famfo. Ana jira ruwan ya janye, a shuka a kan danshin da lakar ta riƙe: auduga tun shekarun 1860, da dawa da gero da kayan lambu. Sai dai kogin ba ya bin hanya ɗaya shekara biyu a jere. Gonar da ta sha bana tana iya zama busasshiya baɗi, don haka faɗin abin da ake nomawa yana hawa da sauka sosai, kuma dole a sake gyara shingayen ƙasa masu karkata ruwan kowace shekara. Lakar da ke taruwa ta ɗaga filin har ya fi garin tudu, garin ya koma dogaro da ganuwar ƙasa, kuma a Agustan 2024 ruwa ya shige shi. Ga iska mai ƙura ta bazara da ke binne hanya, ga ƙayar meskit da aka shigo da ita don tare yashi ta koma ta cinye gonaki, dabbobi na cin 'ya'yanta suna baza irin.

Malam, in kana son aikin gida, ka ba su taswira marar suna, su sa Arba'at da Baraka da layin dogo, sannan su yi hasashen inda garuruwa 6 mafi girma suke kafin ka nuna musu amsa.